Sayen kamfanin intanet ko haɗe shi da wani: abin da mai zuba jari zai duba kafin ya sa hannu

Duk wanda ke da layin waya a Nijar, kamfanin da yake saye wa kati ya taɓa sauya hannu. Airtel ɗin yau shi ne Celtel na da. Kamfanin MTC na Kuwait ya saye Celtel a 2005, daga baya suna ya koma Zain, sannan a 2010 Bharti na Indiya ya karɓi rassan Zain na ƙasashen Afirka 15 a kan dalar Amurka miliyar 10.7. Moov ya bar hannun Etisalat ya koma na Maroc Telecom a farkon 2015, cikin cinikin da ya haɗa ƙasashe shida. Niger Télécoms an same shi ne a 2016 da gwamnati ta haɗe Sonitel da SahelCom. Zamani kuwa Orange ne, wanda kamfanin Faransa ya sayar a 2019 ga ƴan kasuwar da dama suke da ƙaramin kaso a ciki.

A ƙarƙashin waɗannan manya akwai ƙananan kamfanoni da ke ja wa bankuna da otel-otel da makarantu da ƙungiyoyin agaji intanet a Yamai, wasu da igiyar fiba, wasu da antan a kan rufi. Akwai kuma masu wifi na unguwa a Tahoua da Ƙonni da Madawa. Irin waɗannan ne ake kawo wa mai kuɗi tallarsu: "Alhaji, ga kamfani na sayarwa, abone dubu biyu, kaya duk sababbi." Lissafin da ake yi wa cinikin miliyar goma shi ne dai ake yi wa na miliyan ɗari, kuma inda manya suka yi tuntuɓe nan ƙanana ke faɗuwa.

Dalilin da ya sa wannan sana'a take tura mutane ga haɗewa yana cikin yadda kuɗinta ke fita. Ramin da aka haƙa aka binne fiba, da ƙarfen da aka kafa aka ɗora antan, da lasisi, da ma'aikacin da ke gadin rezo da dare, duk kuɗinsu ɗaya ne ko mutum ɗari ke amfani ko dubu. Abone na farko a unguwa yana cin miliyoyi kafin a kai masa layi. Na ɗari biyu ba ya cin komai sai akwatin da za a sa masa da ƴar igiya da ladan mai aiki. Sai kuma maganar sari. Nijar ba ta da teku, intanet ɗinta yana shigowa ne daga igiyoyin da suka sauka a gaɓar wasu ƙasashe, ta Gaya daga Kwatano, ta iyakar Burkina Faso, ta Najeriya. Wanda ya sayi mega da yawa a dunƙule yana samun rangwamen da mai sayen kaɗan ba ya samu. Shi ya sa ƙaramin kamfani kan yi ta aiki shekara da shekaru, abokan ciniki na yabonsa, amma kuɗi ba ya zama a hannu.

Bari a ɗauki misali da alƙaluman da muka tsara don a ga yadda lissafin ke tafiya. Kamfani na farko yana da abone 2,000, wato masu biyan kuɗin layi wata-wata, kowa na biyan jika 25 na sefa a wata, ban da harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari, wanda dama ba kuɗin kamfani ba ne. Miliyan 50 ke nan a wata. Sarin intanet ya ci miliyan 14, albashi 10, kuran da gazuwal da hayar wuraren antan 7, biro da gyare-gyare da kuɗaɗen hukuma 7. Saura miliyan 12 a wata, wato 144 a shekara. Wannan ragowar ita kontabul ke kira EBE ko EBITDA, kuma a kanta ake yin farashi: a ninka ta sau kaza. In an daidaita a kan ninki biyar, darajar kamfanin miliyan 720 ce. Amma in bankuna na bin sa miliyan 200, abin da ya rage wa masu hannun jari 520 ne. Mai saye da yawa kan manta da wannan ragi, ya biya 720 ya kuma gaji bashin.

A nan akwai abin da ya kamata a tsaya a kai. Miliyan 12 ɗin nan ba riba ba ce da za a raba. Batura na mutuwa, antan na tsufa, akwatunan gidaje na ƙonewa. In sabunta kaya na cin miliyan 5 a wata, abin da ya saura 7 ne, kuma daga cikinsa za a biya banki a biya harajin riba na kashi 30 cikin ɗari. Mai shirin sayar da kamfani yakan daina sayen kaya shekara ɗaya ko biyu kafin ciniki, sai lissafi ya yi kyau a takarda, rezo kuwa yana ruɓewa. Idan ka ga kuɗin sabunta kaya ya faɗi ƙasa warwas a shekarar ƙarshe, to abin da bai kashe ba kai za ka kashe shi a shekararka ta farko, sai ka cire shi daga farashi.

Yanzu ga kamfani na biyu a unguwanni ɗaya da na farko, abone 1,000, kuɗin shiga miliyan 25, kashewa 22, ragowa 3 kacal. Shi kaɗai, a ninki biyar, bai wuce miliyan 180 ba. To amma in na farko ya haɗiye shi, sarin da suke saye daban-daban ya zama ɗaya a rage miliyan 3, ƙarafan antan da ke kallon juna a sauke ɗaya a rage miliyan ɗaya da rabi, biro biyu ya koma ɗaya a rage wani miliyan ɗaya da rabi. Ragin miliyan 6 ke nan a wata. Ga mai saye, ƙaramin kamfanin nan miliyan 9 yake kawowa a wata, ba 3 ba, darajarsa a wurinsa ta kai 540. Duk tayi da albarka tsakanin 180 da 540 ake yin su. Mai sayarwa mai wayo ya san wannan, zai nemi a biya shi amfanin da haɗewar za ta kawo. Wanda ya biya 540 ya miƙa ribar haɗewar gaba ɗaya tun kafin ya same ta, ya riƙe wahala da kasada. A ganinmu duk abin da ya haura rabin tazarar nan ya yi tsada, domin ragin da aka rubuta a takarda ba kasafai yake cika ba, kuma ba ya zuwa da wuri.

Ga abin da ke cinye shi. In abone 150 cikin dubun nan suka tafi saboda rikicin sauya rezo, an rasa miliyan 3.75 a wata, fiye da rabin ragin da aka yi ciniki dominsa. In akwatunan kamfani na biyu ba sa magana da na'urorin na farko, sai an canza dubu, kowanne a jika 40, miliyan 40 ke nan kafin ladan aiki. Sannan a lura, duk ragin nan ya samu ne don kamfanonin suna unguwa ɗaya. Kamfanin Yamai da ya sayi na Tahoua, mai nisan fiye da kilomita 500, ba zai sauke ƙarfe ko ɗaya ba, ba zai rufe biro ba, ba zai rage mai gyara ba. Faɗaɗa kasuwa ce, tana iya yin kyau, amma kada a biya ta farashin haɗewa.

Adadin abone shi ne lambar da aka fi yin ƙarya da ita, wani lokaci ma ba da gangan ba. Littafi zai ce dubu biyu, alhali ɗari uku sun yi wata huɗu ba su biya ba, ba a kuma yanke su ba, ɗari kuma ƴan uwa ne da abokan arziki da ake ba kyauta. Gani ya kori ji. A ɗauki wata goma sha biyu, a jera faktir ɗin da aka fitar, a jera kuɗin da ya shiga banki da wanda ya shigo ta waya ko ta kamfanonin aika kuɗi, a jera kuma sunayen da na'ura ta nuna suna amfani da layi. Wanda ya fito a jeri ukun nan duka shi ne abone. Sauran sunaye ne kawai.

Bayan haka a duba yawan masu tafiya. In mutum 3 cikin ɗari na barin kamfani kowane wata, kafin shekara ta zagayo kusan kashi 31 cikin ɗari na waɗanda ka saya sun tafi. In mutum 1 ne, kashi 11 ne. Kamfanoni biyu masu abone iri ɗaya da farashi iri ɗaya, amma ɗaya abokin cinikinsa na zama kamar wata 33, ɗaya kamar wata 100, ba za a saye su kuɗi ɗaya ba. Mai sayarwa zai ce ai sababbi na shigowa suna cike gurbi. Gaskiya ne, sai dai kowane sabo sai an kashe masa kuɗin haɗawa, wanda ya tafi kuma sau da yawa da akwatin yake tafiya.

A kuma tambayi su wane ne ke kawo kuɗin. A Yamai ba abin mamaki ba ne a tarar da abokan ciniki goma, bankuna da ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin ƙasashen waje, su ne rabin kuɗin shiga. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 sojojin Faransa sun fice a ƙarshen shekarar, ofishin jakadancinta ya rufe, sojojin Amurka sun bi baya a 2024, ayyukan agaji da yawa sun tsaya. Kowannensu akwai ƴan kwangila da gidajen haya da biro-biro da ke biyan layi mai tsada. Lissafin 2022 ba zai gaya maka halin da kamfani yake ciki yau ba. A karanta kwantiragin manyan abokan cinikin ɗaya bayan ɗaya: yaushe zai ƙare, kuma akwai sharaɗin da ya ba su damar fita in kamfani ya sauya mai shi? Bashin da kamfani ke bin ma'aikatun gwamnati kuwa, in ya haura shekara, kada a ƙirga shi daidai da kuɗi a hannu. A bar wa mai sayarwa, in ya shigo a ba shi.

Ta fuskar doka hanya uku ce, kuma duka suna ƙarƙashin dokokin OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai-ɗaya na wasu ƙasashen Afirka, da Nijar ke aiki da su. Ta farko ka sayi hannun jari. Kamfani na nan yadda yake, da sunansa da lasisinsa da kwantiraginsa, mai shi ne kawai ya canza. Sauƙi gare ta, amma duk bashin da ke ɓoye ya zama naka, har wanda mai sayarwar ma bai san da shi ba. Ta biyu ka sayi kasuwancin kawai, wato kaya da abokan ciniki da suna, ka bar masa kamfaninsa da basukansa. A nan ana buga sanarwa a jarida, masu bin bashi na da kwana 30 su yi adawa kafin a saki kuɗi ga mai sayarwa. Ta fi tsabta, sai dai kwantiragin sari da na haya da izinin hukuma sai an sake nemansu. Ta uku ita ce haɗewa ta gaske: kamfani ɗaya ya narke cikin ɗaya, dukiyarsa da bashinsa duka su koma can, masu shi kuma a ba su hannun jari maimakon kuɗi. Ana ajiye daftarin haɗewar a kotun kasuwanci a kuma buga shi aƙalla wata guda kafin taron masu hannun jari, kuma a manyan kamfanoni kotu na naɗa ƙwararre ya duba ko rabon ya yi adalci. Ko wace hanya aka bi, ma'aikata na bin aikin da shekarunsu da haƙƙoƙinsu, don haka a je CNSS, asusun kula da fansho da walwalar ma'aikata, a tabbatar an zuba musu kuɗinsu.

Ga wanda ba ya son rancen banki saboda kuɗin ruwa, hanya ta uku ko wani yanki nata tana da amfani, tunda ba sai an nemo tsabar kuɗi masu yawa ba. Amma a yi lissafin iko. A misalinmu, na farko 520 ne bayan cire bashi. In na biyu ana bin sa miliyan 50, saura 130. Jimla 650, na farko kashi 80, na biyu kashi 20. A kamfani nau'in SA, wato babban kamfanin hannun jari, manyan shawarwari, kamar ƙara jari ko wata haɗewar, suna buƙatar kashi biyu cikin uku na ƙuri'u, saboda haka sai mai fiye da kashi ɗaya cikin uku ne ke iya hanawa. Mai kashi 20 ba shi da wannan. Jiya shi ke da kamfani, yau ko ranar raba riba ba shi zai sa ba. Duk mai shiga da ƙaramin kaso ya nemi yarjejeniya ta daban tsakanin masu hannun jari, wadda za ta ba shi kujera a majalisar gudanarwa, da lissafi kowane wata uku, da haƙƙin sayar da nasa a farashi ɗaya in babban ya tashi sayarwa, da kuma haƙƙin a fara yi masa tayi.

Lasisi ba kaya ba ne da za a miƙa hannu da hannu. Hukuma ta ba wani kamfani ne bisa sharuɗɗa, kuma sauya mai shi na buƙatar a bi ta wurin ARCEP, hukumar da ke kula da sadarwa a Nijar. Abin da ya faru a Najeriya ya isa darasi. MTN ya sayi Visafone a farkon 2016, kuma abin da yake so shi ne zangon 800 MHz, wato yankin iska da ake aika sigina a kansa, da Visafone ke riƙe da shi. Fiye da shekara biyu bayan cinikin hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, na nan tana sauraron bahasi kan ko za a mai da zangon hannun MTN, abokan hamayya na cewa a'a. Saboda haka a rubuta a kwantiragi cewa ciniki bai faɗa ba sai amincewar hukuma ta fito a rubuce, kafin alƙalami kuma ya zauna wurin noter. A duba ko lasisin ya shafi aikin da kamfanin ke yi da garuruwan da yake yi, shekara nawa suka rage, kuma an biya kuɗin zango da na shekara-shekara.

Haraji ne ramin da ya fi zurfi. A ƙarshen Nuwamban 2018 ma'aikatar haraji ta rufe ofisoshin Orange a Yamai kan bin kuɗin da ya kai sefa miliyar 22. Kamfanin ya musanta, ya nemi kariyar kotu, shekara guda bayan haka ya sayar ya tafi. In haka ta samu kamfani mai lauyoyi da ƙwararrun kontabul, ƙaramin kamfani da ake rubuta lissafinsa rabi a kwamfuta rabi a littafi fa? Takardar shaidar biyan haraji ba ta isa ba, tana nuna an biya abin da aka bayyana ne, ba ta hana a dawo a binciki shekarun baya. Abin da aka fi samu shi ne TVA da aka karɓa daga abokan ciniki ba a miƙa ba, da harajin da ya kamata a cire daga kuɗin da aka biya kamfanonin waje, da kayan da suka shigo ba takardar duwan. Maganinsa abu biyu ne a haɗe. Mai sayarwa ya sa hannu cewa duk bashin da asalinsa ya riga ranar ciniki shi zai biya. Sannan a riƙe wani kaso na kuɗin, misali kashi 15 ko 20, a asusu na musamman har shekarun da doka ta ba ma'aikatar haraji damar komawa baya su wuce. Alkawari ba tare da kuɗin da aka riƙe ba cinikin biri a sama ne, domin ranar da takardar bincike ta iso mai sayarwa ya riga ya zuba kuɗinsa a fili ko a shanu.

Binciken kaya kuma ba a yin sa a biro. A ɗauki injiniyan da ba na kamfanin ba, a hau mota a bi wuraren ɗaya bayan ɗaya. Fibar da suke cewa tasu ce, su suka binne ko haya ce, ina izinin magajin gari, ina taswirar da ta nuna inda ta bi? Kamfanin da taswirarsa ke cikin kan mutum ɗaya, ranar da mutumin ya tafi, duk yankewar igiya sai an yini ana tono. Idan igiya na bisa turakun kamfanin kuran NIGELEC, a nemi takardar yarjejeniya. A buɗe akwatin batura a karanta kwanan watan da ke jikinsu. Batirin dalma ana auna rayuwarsa ne a zafin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 na rage ta kusan rabi. A Tahoua watan Afrilu da Mayu zafi na wuce 40 a inuwa, balle cikin akwatin ƙarfe a kan rufi. Batirin da takarda ta ce shekara biyar, a can ka ƙirga masa biyu. A duba wayar da ke kai tsawa ƙasa, domin farkon damina ne iska da aradu ke kwashe antan. Kuma tun da Najeriya ta yanke wa Nijar kuran a Agustan 2023, kowa ya ga bambancin wurin da ke da fano mai aiki da hasken rana da batura masu kyau da wanda ya dogara ga grup da gazuwal.

Akwai dukiyar da ba a gani da ido. Lambobin IP, wato adireshin na'urori a intanet, da lambar rezo ana samunsu daga AFRINIC, hukumar da ke raba su a Afirka, kuma tsofaffin lambobin IPv4 sun yi ƙaranci har sun zama abin daraja. A tabbatar da sunan kamfani aka yi musu rajista, ba da sunan wani injiniya da ya bar aiki tuntuni ba. Haka sunan shafin kamfani da kalmomin sirri na manyan na'urori. A kuma tambayi hanya nawa intanet ke shigo musu. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin teku huɗu, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, sun lalace a lokaci guda a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga duhu. Kamfani biyu da ke saye daga dila ɗaya ta hanya ɗaya, haɗewarsu ba ta ƙara musu tsaro ko kaɗan. In ɗaya na bi ta Gaya ɗaya ta wata iyakar, wannan kam riba ce da ake iya sayar wa banki da tsada.

Hayar ƙarafa ma bashi ce da ta sa wata riga. Airtel ya sayar da ƙarafansa na Nijar ga Eaton Towers, wanda American Tower ya saye a 2019, ya koma yana biyan haya. Ga babban kamfani tsari ne da aka saba. Amma in ƙaramin kamfani ya sa hannu kan hayar shekara goma mai ƙaruwa kowace shekara, ko kwantiragin sarin da dole a biya ko an yi amfani ko ba a yi ba, to a ƙirga su tare da bashi. Irin wannan kwantiragi ne ke hana ragin miliyan 3 na sari da muka lissafa a sama, sai ya ƙare tukuna.

Kuɗin da za a yi sayen da shi ma yana iya kashe ciniki mai kyau. Etisalat na Najeriya ya ci bashin dalar Amurka miliyar 1.2 daga bankuna 13, yana samun kuɗinsa da naira. Da naira ta faɗi ya kasa biya, a 2017 masu shi na Abu Dhabi suka janye, ya koma 9mobile. Sefa na ɗaure da yuro a 655.957, wannan kariya ce ga bashin yuro, amma na'urori da yawa da dalar Amurka ake sayensu. A ƙa'idarmu, in biyan banki ba zai yiwu ba sai ragin haɗewa ya cika, bashin ya yi yawa.

A Amurka kamfanin Frontier ya karɓi layukan Verizon na jihohi uku a Afrilun 2016 a kan dala miliyar 10.5. Ranar da aka juya abokan ciniki zuwa na'urorinsa matsaloli suka ɓarke, layuka suka ɗauke, faktir suka rikice, mutane suka yi ta ficewa, ga bashi ya yi katutu. A 2020 ya nemi kariyar kotu da bashin fiye da miliyar 17. Bayan ya sauke bashin ya mai da hankali ga shimfiɗa fiba, a 2024 Verizon ɗin ya amince ya saye shi a kan miliyar 20. Abin ɗauka a nan shi ne yadda ake sauyin. Kada a taɓa farashi, ko lambar da ake kira in layi ya lalace, ko hanyar biya, a watannin farko. A fara haɗa rezo biyu daga tsakiya inda abokin ciniki ba ya gani, a bar tsohon yana aiki a gefe. Sannan a bi unguwa-unguwa, a gama Plateau a ga yadda ta kaya kafin a taɓa Yantala, kuma kada a sa sauyin a farkon damina. Masu gyara su ne za a fara zama da su. A Yamai mai otel bai san sunan darakta ba, lambar yaron da ke zuwa da tsani ita ce a wayarsa. In yaron ya koma wani kamfani, ko ya buɗe nasa, abokan ciniki na bin sa. A ba irinsu ƙarin kuɗi da sharaɗin zama shekara ɗaya ko biyu. Mai sayarwa kuma ya sa hannu ba zai buɗe irin sana'ar a garin ba na ƴan shekaru, a kuma ɗaure wani ɓangare na kuɗinsa da yawan abone masu biya da suka rage bayan wata goma sha biyu.

Haɗa marasa ƙarfi biyu ba ya haifar da mai ƙarfi in ba sabon jari. Airtel da Tigo sun haɗe a Gana a 2017 don su tunkari MTN, bayan shekara huɗu suka miƙa wa gwamnati kamfanin a kan dalar Amurka ɗaya. Wanda aka ce ya zuba kuɗi a irin wannan haɗewa ya tambayi nawa ne cikin kuɗinsa zai shiga rami da igiya da batura, nawa ne zai tafi biyan tsofaffin basuka.

Sai maganar fita, wadda ya kamata a yi tun ranar shiga. A kasuwar hannun jari ta BRVM da ke Abidjan akwai Sonatel da Onatel da Orange ta Kwaddibuwa, amma babu kamfanin sadarwa na Nijar, don haka ba wurin da za ka je ka sayar da kasonka cikin yini ɗaya. Masu iya saye ƴan kaɗan ne: manyan kamfanonin waya, ko abokin hamayya, ko abokan jarinka. Kuma abin da suke biya da tsada shi ne wanda ba a iya sake ginawa da sauƙi. Equinix ya biya dalar Amurka miliyan 320 ya sayi MainOne a 2022 saboda igiyar teku da fiba da cibiyoyin ajiye bayanai.

Tun da Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan adam, ya fara aiki a Nijar a 2025 wannan bambanci ya ƙara fitowa. Fiba a unguwa mai cunkoso a Yamai tana nan da darajarta, domin igiya ɗaya na ɗaukar gidaje da yawa da arha. Amma kamfanin da ribarsa ta dogara ga kai layi ta iska zuwa wani biro a Abalak ko Cintabaraden da tsada, saboda babu wani zaɓi, yanzu abokin cinikinsa na iya ɗora faranti a rufi ya sallame shi. Kafin a yi tayi, a raba abone gida uku: na fiba, na antan a cikin gari, da na nesa. A duba masu tafiya a kowane gida wata-wata tun daga farkon 2025, a yi wa kowanne ninkinsa daban. Na nesa, in kwantiraginsu bai wuce shekara ba, a biya kuɗin watannin da suka rage kawai.